Turakun Awo da Awakin Surukata

Duk direban da ya taɓa shiga unguwarmu ta Samaru ya san kwanar nan ta gindin ɗorawa, inda titi yake tafiya sambal sai kawai ya karkata yamma ba gaira ba dalili, ya zagaye itacen, sannan ya dawo kan hanyarsa. Na sha jin ana ba da tarihin kwanar nan a gabana. Wani ya ce aljanu ne suka hana a wuce ta gabansu. Wani malamin makaranta, da gilashinsa a kan hanci, ya ce hikimar Turawa ce don motoci su riƙa rage gudu. Ranar da na ji wannan sai da na tashi daga wurin, don kada in zagi mai ilmi a gaban ɗalibansa. Babu aljani, babu hikima. Ni ne da surukata da awakinta. Tunda duk waɗanda za su ji kunyar maganar sun riga mu gidan gaskiya, bari in faɗe ta yadda take.

A shekarun hamsin ɗin nan, kafin a karɓi mulkin kai, Samaru ba ta zama gari ba tukuna. Gidan gona ne na gwamnati, sai makarantar da ake ta ginawa, sai ƙauyukan manoma a warwatse cikin dawa da gero. Ma'aikata suka yi yawa, magina da leburori da masinjoji da masu dafa wa Turawa abinci, kuma yawancinsu a Sabon Gari suke kwana, kullum su tako keke ko su bugo sayyada ta Hanwa su iso a gajiye. Sai aka ce za a yanka musu sabuwar unguwa. Titi ɗaya miƙaƙƙe, filayen gidaje a gabashinsa, kasuwa da ɗakin alƙali da ofishin mai gari a can ƙarshe. Yamma da titin kuwa a bar wa manoma gonakinsu.

Ni a lokacin ɗaki ɗaya nake haya a Sabon Gari, bayan tashar jirgi, irin ɗakin nan da in maƙwabcinka ya yi atishawa kai ne za ka ce alhamdu lillahi. Allah ya ba ni aikin jan sarƙa a ƙarƙashin wani safiyo, wato mai awon ƙasa. Mutumin kudu ne, dogo, mai tsabta, ya iya Hausa sarai, amma in ransa ya ɓaci sai ya koma Turancin Sabon Gari, wanda ko ba ka ji ba ka san zaginka ake yi. Aikina ba wuya. In ja sarƙa, in tsaya inda ya ce, shi kuma yana leƙa madubinsa mai ƙafa uku yana kaɗa mini hannu, in ya ce nan, sai in kafa turke in bi shi da guduma. Turakun nan kuwa abin kallo ne. Kafinta ne ya feƙe su da katako mai kyau, aka shafe su da farin fenti, aka yi musu jan kai. Ni kaina da na fara ganinsu sai da na ce asara ce a binne wannan a ƙasa.

Abin da ya riƙe ni a aikin ba albashin ba ne. An yi mana alkawari cewa duk wanda ya kai ƙarshen awon za a ba shi fili guda a sabuwar unguwar. Matata tana da cikin fari, ta tafi goyon ciki gidan uwarta kamar yadda aka saba, ni kuma na rantse a zuciyata ba za ta dawo da jariri cikin wancan ɗakin na bayan tasha ba. Har na zaɓi filina. Kullum in muka wuce ta wurin sai in tsaya in gyara takalmi don in ƙara kallonsa.

To, gidan uwar matata, wadda kowa yake kira Iya, yana wani ɗan ƙauye ne daf da inda titin zai bi. 'Yan yanzu ba za su gane abin da wannan yake nufi ba, su da suke cin tuwo kwano ɗaya da surukansu suna kallon talabijin. A lokacinmu mutum ba ya kallon fuskar surukarsa. Ba ya faɗin sunanta, ba ya cin abinci inda za ta gan shi, ba ya yi mata magana sai gaisuwa, ita ma a tsugune, daga nesa, kai a ƙasa. Ita ma ba ta kiran sunanka, balle kai da ka auri 'yar farinta. In tana da saƙo sai ta gaya wa 'yarta, ko bango, ko kaza, kai kuma ka tsinta. Ni "mutumin nan" take ce mini. Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne kayan aiki, domin gajeren wando na kaki aka ba mu. Ka ji fa, magidanci guda da gwiwoyi a waje a ƙofar gidan surukarsa. Don haka kullum da babbar riga a ɗaure a bayan kekena. In mun doso ƙauyen in zura ta a kan kakin, in ja sarƙa a cikinta ina tuntuɓe, in mun wuce in tuɓe. Safiyo ya tambaye ni ko sanyi nake ji. Na ce masa e.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, mai unguwa ya sa aka yi shela cewa kowa ya ɗaure dabbobinsa, duk akuyar da aka kama a gona mai ita ya kuka da kansa. A makon nan ne muka iso da awo gefen gidan Iya. Muka kafa turaku goma sha biyu a jere, reras, a kan wani fako da ko ciyawa ba ta fitowa. Na duba su na ji daɗi, na hau kekena na koma Sabon Gari.

Washegari da safe na riga safiyo isowa, sai na tarar da ramuka goma sha biyu. Na ɗaga kai. Can yamma, a gindin ɗorawa, bakin gonar Iya inda ciyawa ta yi kore shar, ga turakun gwamnati a kafe, kowanne da akuya a ɗaure tana kiwo hankali kwance. Ina tsaye bakina a buɗe sai ga Iya ta fito da ƙwarya. Na yi maza na zura riga, na cire takalmi, na tsuguna. Ta juya mini gefe, ta ja mayafi, muka gaisa. Sannan ta dubi wata baƙar akuya ta ce, "Kin gani ko? Ana yin shela jiya, yau ga turaku har ƙofar gida, da fenti. Wasu surukan sai an roƙe su. Allah dai ya yi wa mutumin nan albarka."

Na ce amin. Me zan ce? Kai da kake dariya, faɗa mini abin da za ka ce.

Ta shige gida, na ruga na kwance ɗaurin turakun da ke kan kekena, na cusa sababbi a ramukan kafin safiyo ya iso. Da azahar aka aiko mini da fura da nono a sabuwar ƙwarya. Na je bayan wata kuka na shanye, ina sha raina yana ɓaci, amma furar ta yi daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba.

Kashegari ramuka kuma. Wannan karon awakin da ke ɗaure sun ninka, domin Iya ba marowaciya ba ce. Ta ga surukinta ya sake kawowa, nata sun ishe ta, sai ta rarraba wa maƙwabta. Kafin mako ya zagayo babu matar da ba ta da farin turke mai jan kai a ƙauyen nan, har da matan Maguzawan da ke hayin rafi, waɗanda suka aiko mini da ƙwan zabi don godiya. In na wuce, tsofaffi suna nuna ni da baki suna cewa ga shi can, mai hankalin nan. Wata tsohuwa ta tare ni a hanya ta ce in za a sake kawowa ita dogo take so, bunsurunta yana da ƙarfi.

Na nemi matata. Ita ma ba a ganinta haka kawai, tunda a gidan uwarta take, ga ciki ya tsufa, kunya ta ko'ina. Sai da na bari Iya ta tafi rafi, na zagaya bayan danga na yi gyaran murya.

Ta ce, "Wa ke nan?"

Na ce, "Ni ne. Ke, ki saurara. Turakun nan ba na Iya ba ne. Na gwamnati ne, alamar titi ce. Ki gaya mata ta daina cirewa."

Sai na ji dangar tana girgiza. Na tsorata na ɗauka naƙuda ce, ashe dariya take yi, ta toshe baki da zane. Da ta samu numfashi ta ce, "Malam, ai ka makara. Iya ta gaya wa kowa. Jiya a gidan suna sai da ta tashi tsaye ta ba da labarinka. In na ce mata yanzu kayan gwamnati ta yi ta rabo, da wane ido za ta kalli matan ƙauyen nan? Kai ka faɗa mata."

Na ce, "Ni? Da wane bakin?"

Ta ce, "To ni ma da wane bakin?"

Haka muka rabu, kowa da bakinsa a rufe. Na ji haushinta ranar, har na yi kwana biyu ban zagaya bayan dangar ba, amma gaskiyarta ce.

Sai na koma dabara. Na shiga daji na saro itatuwa, na feƙe turaku talatin da hannuna har tafina ya yi kanta, na ɗaure su na ajiye a ƙofar gidan Iya, don ta samu nata ta ƙyale na gwamnati. Da yamma saƙo ya zo ta bayan danga cewa Iya ta gode da itacen girki, ya ci wuta sosai. Na ce to, bari in gwada ƙarfi. Na buga turakun awo har sai da jan kan kaɗai ya rage a waje, kafaɗata kamar za ta cire. Iya ta zo da tulu, ta zuba wa kowanne ruwa, ta bari ƙasa ta jiƙa, ta girgiza ta zare. Saƙo ya sake zuwa: wai a gaya wa mutumin nan ya daina wahalar da kansa da bugawa, ya riƙa ajiyewa a ƙofar gida kawai, ita ta san inda ciyawa take.

Safiyo kuwa ya fara lura cewa turaku suna ƙarewa fiye da kima. Ya tambaye ni, na ce gara ce. Ya dube ni ya ce, "Garar Samaru a kwana ɗaya take cinye katako, har da fenti, ta bar rami a share?" Na ce garar wajen nan ba ta da kunya. Ya yi wata magana da Turancin Sabon Gari, ya ce in aka sake rasa ko ɗaya, ni zan yi bayani. Allah ya taimake ni madubinsa gaba yake kallo, ba ya waiwayen gindin ɗorawa, ni kuma kullum ina tsayawa da babbar rigata daidai inda zan tare masa.

Da abin ya ishe ni na ce bari in kai kukana wurin mai unguwa, shi dattijo ne, ya san yadda zai lallaɓa ya gaya mata. Na je na yi sallama, aka ce in shigo zaure. Ina shiga, ga ragonsa na layya a tsakar gida, a ɗaure jikin farin turke mai jan kai. Mai unguwa ya kama hannuna da hannu biyu ya ce tun da yake bai taɓa ganin turke mai kyan wannan ba, kuma da ma yana neman hanyar da zai yi mini godiya. Ya ce me ke tafe da ni? Na ce gaisuwa ce kawai.

Ana nan sai aka kira mu wani ɗan awo a Jushi, aikin mako guda. Kafin mu tafi na sammako na cike ramukan nan da sababbin turaku, na tsaya na roƙi Allah ya sa Iya ta yi baƙi ko ta yi mantuwa. Abin da ban sani ba shi ne an riga an ba masu sharar hanya umarni su fara a makon nan. Leburori ne wajen arba'in, da gatura da diga da shebur, da helumansu, wato shugabansu, wani ƙaton mutum mai bin umarni kamar karatun sallah. An ce masa ya bi fararen turaku. Ya biyo su tiryan-tiryan tun daga babbar hanya, har ya iso fakon nan, ya ga babu komai sai ramuka. Ya duba yamma ya ga fararen turaku sun yi layi sun zagaye ɗorawa ta bakin gona, sun dawo. Ya ce wa mutanensa bismilla. Suka riƙa sharewa daga akuya zuwa akuya. In sun iso, mai akuya ta zo ta kwance abarta, su wuce. Iya har ruwan sha ta sa aka kai musu. Kafin mu dawo an share, an haƙa lambatu dama da hagu, motoci sun zuba jar ƙasa, an daddaɓe.

Ranar da muka dawo, ni da safiyo muna tafe a kan kekuna, yana gaba ina baya, yana yaba yadda titi ya miƙe. Sai na ga ya taka burki. Ya sauka. Ya cire hularsa, ya mayar. Ya buɗe taswira, ya dubi titi, ya juya taswirar ƙasa ta koma sama, ya sake duba. Titi dai ya lanƙwashe kamar lauje. Ni kuwa a lokacin ina ta kokawar zura babbar riga don na hango Iya tana tahowa.

Aka tara mutane a gindin ɗorawa. Safiyo ya fara da heluma. Heluma ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce in bi fararen turaku, na bi. Ba wanda ya ce mini komai a kan awaki." Safiyo ya dubi turakun, kowanne da guntun igiya da kashin awaki a gindinsa, ya tambaya da Hausa tsantsa, a hankali, wanda ya fi zagin ban tsoro: "Wa ya ciro waɗannan daga inda na sa su?"

Matan ƙauye suna tsaye a gefe. Iya tana gabansu, ta ja mayafi saboda ni, amma a tsaye take ƙyam, ba ta ga abin tsoro ba. Ta dubi mai unguwa ta ce, "A gaya wa baƙon nan ba sata aka yi ba. Mutumin nan ne yake kawo mini, ni kuma na ba 'yan'uwa. Kowa ya sani." Matan suka ce ƙwarai, kowa ya sani.

Safiyo ya juyo gare ni. Ina tsugune, ba takalmi, kaina a ƙasa. Ya ce, "Tashi ka yi mini magana." Na ce ba zan iya tashi ba. Ya ce, "Kai ka ba matar nan turakun gwamnati?"

Wallahi na ga filin nan nawa a idona a lokacin, har da inda na yi niyyar haƙa rijiya. Kalma ɗaya ce, in ce a'a, in ce tsohuwa ce ba ta gane ba. Safiyo ba mugu ba ne, da ya yi faɗa ya haƙura, a yi dariya a watse. Amma dariyar a kan wa za a yi ta? A kan matar da ta tashi tsaye a gidan suna ta yabe ni, a gaban duk waɗanda ta raba wa. Da ba ta sake fita ko rafi ba. Na ji bakina ya ce, "E, ni na ba ta."

Ya ce, "Duka?"

Na ce, "Duka. Har da na mai unguwa."

A nan ya koma Turancin Sabon Gari, ya daɗe a cikinsa. Da ya fito ya ce in ajiye guduma da sarƙa, in kawo kakin gobe ofis, kuma in manta da maganar fili. Titi kuwa ya ce ba mai sake biyan leburori arba'in su tone abin da suka binne, sai dai ya gyara taswira ta bi titi. Iya ba ta ji Turancin ba, kuma maganar korar a hankali ya yi ta. Ina ji tana ce wa wata mata baƙon nan yana da yawan magana, amma da alama yabon mutumin nan yake yi.

Na koma ɗakina na bayan tasha na zauna. Na yi baƙin ciki ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba, na zagi awaki, na zagi kafintan da ya yi fentin, na zagi wanda ya ƙirƙiro kunya. Na fara gyaran kekuna a bakin kasuwar Sabon Gari don in samu na tuwo. Bayan kwana goma sha matata ta sauka lafiya, mace. Aka yi suna, na je na tsuguna a inda aka ce in tsuguna, ban nuna komai ba. Sai da aka yi arba'in, aka fara maganar komawarta ɗakinta, Iya ta ce wa 'yarta ai yanzu sai sabon gida, yaushe mutumin nan zai fara gini a filin da gwamnati ta ba shi? Matata ta ce tana jin haka sai kuka ya ƙwace mata. Ta faɗa mata komai, tun daga ramuka goma sha biyu har itacen girki.

Ta ce Iya ta tashi tsam. Ta shiga ɗaki, kwana uku ba ta fito ba, ko awakin ba ta leƙa ba. A rana ta huɗu ta ɗauki kwando ta bi gida-gida. Ban san abin da ta faɗa wa matan nan ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Abin da na sani shi ne har hayin rafi ta je, kuma har cikin gidan mai unguwa ta shiga ta kwance masa rago.

Aka aiko in zo da safe. Na zo da babbar rigata, ban san an gaya mata ba. Ina isowa kwanar ɗorawa na sauka daga keke. A bakin sabon titi, a cikin gonar Iya wadda ta gada wurin mahaifinta, an sassabe dawa tun ba ta nuna ba, an share wuri fes. Ga fararen turaku an kafa su sun zagaye wurin, kusurwa huɗu, an wanke su da toka har jan kan yana ƙyalli. Mai unguwa yana tsaye a matsayin shaida, yana ta kallon sama. Matata tana gefe da goyo. Iya tana riƙe da igiyar akuya, wadda ashe da ita ta yi awon.

Na cire takalmi na tsuguna. Muka gaisa, ta juya mini gefe kamar kullum. Sannan ta ce wa 'yarta, "Ki gaya wa mutumin nan, waɗannan ni na kafa su. Kada in ga wani ya cire."

Na so in yi godiya. Na dai ce amin, ko da yake ba addu'a ta yi ba.

A wurin na yi gini, ɗaki biyu da zaure, na sa rumfar gyaran keke a gaba. Sai ga wani abin da ba wanda ya shirya. Duk motar da ta taho sai ta rage gudu a kwanar, in ta rage sai fasinja ya ce bari ya sauka a nan. Mata suka fara kawo ƙosai da gyaɗa da rogo gindin ɗorawa. Mahauci ya kafa tukuba, tela ya kawo kekensa, wani mutumin Sabon Gari ya buɗe kantin sabulu da kananzir. Kafin shekara uku kasuwa ta ci a kwanar Iya. Filin da aka auna wa kasuwa a can ƙarshen titi, da rumfunansa na kwano, ya daɗe ba kowa sai tafasa, kuma a nan mutanen unguwa suka riƙa ɗaure awaki da damina. Shi kansa alƙali, da aka gama masa ɗakinsa, kullum sai ya aiko a saya masa tsire a ƙofar gidana.

Safiyon nan ya dawo bayan an kwana biyu don ya shigar da gidajen bakin titi cikin taswira. Ya kafa madubinsa a kan filina, ya leƙa, ya sa sabon mai jan sarƙarsa ya ja ta kowane gefe. Ya sake leƙawa. Ya ce kusurwoyin nan sun tashi daidai, wa ya auna mini? Na ce surukata ce, da igiyar akuya. Ya cire hula ya share gumi, ya ce da ita ya ɗauka aiki tun farko. Na gyara masa kekensa ban karɓi komai ba.

Iya ta ƙara shekara goma sha tara a duniya. A cikinsu ba ta taɓa kiran sunana ba, ban taɓa ganin fuskarta sosai ba, kuma maganar turaku ba ta sake haɗa mu ba ko a bakin kaza. Ranar da ta rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, muka biyo da ita ta kwanar nan, na yi kuka a gaban mutane ban ji kunya ba. Turakun gara ta cinye su ɗaya bayan ɗaya, gara ta gaske wannan karon. Guda ɗaya na ciro na ajiye a cikin akwatina, fentin ya kusa gogewa. Na san ta ce kada a cire, kuma har yau in na buɗe akwatin sai na ji kamar in cire takalmi.